A Fara Da Maraƙi Wajen Rabon Harawa

Gabatarwa

Ya kai ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, idan kaka ta yi a Nukkai da ƙauyukan da ke kewaye da Jalingo, abin da gona ta bari bayan an kwashe amfani yakan bi hanyoyin da kowa ya sani. Harawa mai ganye ta tafi kasuwa, ko ta shiga bakin sa na turke da ragon layya. Karan dawa da na masara a bar shi tsaye a gona, rana ta dake shi, gara ta ci, dabbobi su tattake. Bambaron shinkafa kuwa sau da yawa wuta ake cinna masa a fadama. Abin da ya yi saura bayan duk wannan shi ne rabon maruƙan da aka yaye da 'yan karsana masu tasowa.

A ganina wannan rabo a juye yake. Dabbar da take kan girma, daga yaye zuwa shekara 2 da rabi, ita ya kamata a fara ware wa harawa, domin ita ce ta fi buƙata, ita ce kuma asararta ta fi wuyar mayarwa. Kara da busasshiyar ciyawa suna cika ciki, amma ba sa gina jiki sai an haɗa su da ɗan abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, a kowace rana.

Dalilin Da Ya Sa Kara Kaɗai Ba Ya Isa

Saniya ba da ƙarfin kanta take narkar da kara ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani, su ne suke farfasa kara da ciyawa su mayar da su abin da jiki zai amfana da shi. Su ma waɗannan halittu sai sun ci suke aiki. Masana kiwo sun tabbatar cewa idan furotin da ke cikin abinci ya gaza kimanin kashi 7 cikin 100, aikinsu yakan yi sanyi, abinci ya daɗe a tumbi bai narke ba, dabba ta rage ci. Shi ya sa za ka ga maraƙi tsaye a gaban tarin kara, cikinsa a kumbure, haƙarƙarinsa a waje.

Busasshen karan dawa, da na masara, da bambaron shinkafa, furotin da ke cikinsu bai cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Gamba da kyasuwa idan suna ɗanyu a farkon damina sukan kai kashi 8 zuwa 12, amma idan suka bushe a tsaye sukan faɗo zuwa kashi 3 ko ƙasa da haka. Harawar gyaɗa da ta wake kuwa, muddin ganyensu bai zube ba, sukan ba da kashi 10 zuwa 15, wani lokaci ta wake ta zarce haka. Saboda haka harawa tana yin aiki biyu: tana ciyar da maraƙin, tana kuma ciyar da halittun tumbinsa, su samu ƙarfin narkar da karan da ya ci.

Babban sa ya riga ya gama gina ƙashi. Idan ya rame da rani, kitse da tsoka ya rasa, kuma zai mayar. Maraƙi kuwa ƙashi da tsoka yake ginawa, tumbinsa kuma ƙarami ne, ba zai iya cin kara mai yawa don ya cike giɓin ba.

Lissafin Abincin Maraƙi Guda

Mu ɗauki maraƙi mai nauyin kilo 150. Irin wannan yakan ci busasshen abinci kimanin kilo 4 a rana, wato wajen kashi 2 da rabi cikin 100 na nauyinsa. Don ya tsaya yadda yake, ba ƙari ba ragi, yana buƙatar furotin kimanin giram 230 a rana. Don ya riƙa ƙara rubu'in kilo kullum, buƙatarsa takan kai wajen giram 400.

Idan kara kaɗai ka ba shi, da ƙyar zai ci kilo 3, wanda zai ba shi giram 120 ko makamancin haka. Ka ga bai kai ko na tsayuwa ba, sauran daga jikinsa zai ciro. Amma duba wannan haɗi:

1. Kara ko ingirici da aka daddatsa, kilo 2: kimanin giram 80.
2. Harawar gyaɗa ko ta wake, kilo 1 da rabi: kimanin giram 195.
3. Tunkuzar auduga, rabin kilo: kimanin giram 125.

Jimla giram 400 ke nan. Idan babu tunkuza, rabin kilo na dusar masara ko ta dawa zai kai jimlar wajen giram 325, wanda zai hana ramewa har ya ba da ɗan ƙari. A haɗa masa da gishiri ko kanwar lasa, da ruwa mai tsabta wanda bai gaza lita 20 ba a rana, fiye da haka idan bazara ta yi zafi.

Daga Disamba zuwa ƙarshen Afrilu kwana 150 ne a ƙiyasce. Ke nan maraƙi guda zai ci harawa kilo 225, da kara kilo 300, da tunkuza ko dusa kilo 75. A ƙara wa kara wani abu a kai saboda wanda zai zubar. Hekta guda ta gyaɗa mai ganye da ta samu kulawa tana iya ba da harawa tan 1 ko fiye. Ashe rubu'in hekta ya isa ya fitar da maraƙi guda daga rani ba tare da ya rame ba. Wannan bai fi ƙarfin ƙaramin manomi ba.

Hujjoji Uku Da Ake Kawowa

Hujja ta farko ita ce, ai damina za ta mayar da abin da rani ya ci. Akwai gaskiya a ciki, domin dabbar da ta sha wuya takan yi saurin murmurewa idan ciyawa ta fito. Sai dai watannin farko na damina sukan ƙare ne wajen biyan bashin rani, ragowar kaɗan ce take zama sabon girma. Maraƙin da yunwa ta daka sosai tun bai cika shekara ba kuwa yakan tsumbure, bai cika kai girman da iyayensa suka kai ba. Ga karsana abin ya fi muni, saboda nauyi ne yake kai ta ga ɗaukar ciki fiye da yawan shekaru. Sai ta kusa kashi biyu cikin uku na nauyin babbar saniya sannan take karɓar bijimi. Binciken da cibiyar ILCA ta yi a garkunan Fulani na kudancin Jihar Kaduna a shekarun 1980 ya nuna cewa Bunaji takan kai kusan shekara 5 kafin haihuwar fari. Ita dai wannan Bunajin, idan ta samu abinci a tashar bincike, takan haihu a wajen shekara 3 zuwa 3 da rabi. Wannan tazara ta kai ɗan maraƙi guda da nonon shekara guda da mai garke ya rasa, ba tare da ɓarawo ya shiga ba, ba kuma tare da cuta ta kama ba.

Hujja ta biyu ita ce harawa kuɗi ce a hannu. Haka ne, musamman daga Maris zuwa Afrilu lokacin da farashinta yake tashi, da kuma gab da babbar Salla. Ban ce kada ka sayar ba, ban kuma ce ka daina kiwon turke ba, domin sana'a ce mai riba. Abin da nake cewa shi ne ka fara cire rabon masu tasowa, ka sayar da rarar. San da ake turkewa na wata 3 ko 4 ai maraƙin jiya ne. Idan ya tashi da ƙashi mai kyau zai ɗauki nama da wuri, idan ya tashi a tsumbure dusa za ta yi ta shiga ba a ga wurin da ta shiga ba. Dillalan kasuwar shanu ta Iware da ke kan hanyar Wukari sun fi kowa sanin bambancin kuɗin waɗannan biyu.

Hujja ta uku ita ce ƙasa ma tana buƙatar kara. Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma a matsayina na mai binciken harkar noma ba zan raina ta ba. Gonar da ake kwashe mata komai kowace shekara takan gaji, ruwa ya riƙa wanke ta. Mafita ita ce a raba. Ganye da saman kara su ne suka fi amfani ga dabba, gindin kara kuwa ƙarfi gare shi kamar itace, ba ya narkewa. A yanke na sama a kai gida, a bar gindi da saiwa a gona. Sannan a tara kashin dabbobi da ragowar karan da suka bari a turke, a mayar gona kafin shuka. Wanda ya ƙone kara bai ba dabba ba, bai kuma ba ƙasa ba, domin mafi yawan sinadarin naitirojin da ke cikinsa hayaƙi yake bi.

Ranar Girbi Ake Yanke Hukunci

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abincin Maris a Oktoba da Nuwamba ake tanadinsa. Amfanin harawa a ganyenta yake, ganyen kuma shi ne yake fara zubewa. A Jalingo damina takan kai Oktoba, gyaɗar da aka shuka da wuri takan nuna ruwa bai ɗauke ba. Idan aka jibge harawarta a ƙasa sai ta yi baƙi, ta yi fumfuna. A shanya ta a kan rumfa ko a kan sanduna uku da aka haɗa kawunansu, iska ta ratsa ta ƙasa. Idan ta bushe a ɗaure ta da sassafe, lokacin da raɓa ta sa ganye ya yi laushi, a ajiye a inuwa, sama da ƙasa, inda ruwa da gara ba za su kai ba. Harawar da ta riƙe launinta na kore ita ce mai kyau.

Kara kuma a sare shi cikin mako 1 ko 2 bayan cire kai ko goyo, tun karmami yana jikinsa. Wajen bayarwa a daddatsa shi da adda gajere-gajere kamar tsawon yatsa, a zuba a kwami, a yayyafa ruwan gishiri kaɗan, a cakuɗa da harawa. Idan aka ba su dabam-dabam, maraƙi zai cinye harawa ya bar kara. Kowar wake ma abinci ce mai kyau, kada a zubar.

Tun wajen zaɓen iri ake fara tanadi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tare da abokan aikinta sun fitar da ire-iren da suke ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya, kamar gyaɗa SAMNUT 21 da SAMNUT 22, da wake SAMPEA 11. Mai dabbobi ya tambayi malamin gona irin da ya dace da ƙasarsa daga cikin masu riƙe ganye har lokacin girbi.

Ciyawa: A Yanka Kafin Ta Tsufa

Kuskuren da ya fi yawa wajen yin ingirici shi ne jira sai ciyawa ta yi tsawo ta zubar da 'ya'ya. A lokacin yawa ya ƙaru, amma amfani ya tafi. Gamba da kyasuwa da harkiya a yanka su da zarar sun fara fitar da kai. Tun da wannan lokaci yakan zo ruwa bai gama ɗaukewa ba, a yanka kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da za a iya busarwa cikin kwana 2 ko 3 na rana, a riƙa juyawa, a kwashe zuwa rumfa.

Nukkai tana da wata dama da garuruwa da yawa ba su da ita, wato kogi da fadama da noman lambu. A gefen lambu da kan iyakar gona ana iya dasa ciyawar Nafiya, wadda wasu suke kira ciyawar giwa. Da yankan kara mai gaɓa 3 ake dasa ta, 2 a ƙasa, 1 a waje. A riƙa yankanta duk mako 6 zuwa 8, tun tsawonta bai wuce mita 1 da kaɗan ba, a kuma riƙa ba ta taki domin tana da ci. Saiwarta tana taimakawa wajen riƙe ƙasar gaɓa. Haka nan karan masarar rani da aka sayar da goyonta ɗanye, da ganyen dankali, abinci ne mai kyau a lokacin da babu kore a ko'ina. Sai dai kada a ba dabba ragowar kayan lambun da aka yi wa feshin maganin ƙwari kwanan nan.

Akwai kuma ciyayi dangin wake da ake shukawa musamman don dabbobi. Lablab ana iya shuka shi a tsakanin masara mako 4 zuwa 6 bayan shuka masarar, ya ci gaba da yaɗo bayan girbi. Sitailo kuwa shi ne ILCA ta yi amfani da shi a Kurmin Biri da Abet a shekarun 1980, inda makiyaya suka killace fili mai kimanin hekta 4, shanu su shiga na awa 2 ko 3 a rana da rani, sauran yini su yi kiwonsu na daji. Darasin wannan aiki shi ne ɗan furotin kaɗan a kullum ya fi mai yawa na lokaci guda. An kuma lura cewa masarar da aka shuka a bayan sitailo takan fi ba da amfani. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, wato NAPRI, wadda ta faro a matsayin gonar kiwo a 1928, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan ciyayi, kuma ita ce wurin tambayar iri.

Bambaron Shinkafa Da Yuriya

Taraba jihar shinkafa ce, bambaro kuma yana da yawa. Ana iya inganta shi da takin yuriya. A narka kilo 4 na yuriya a cikin ruwa lita 60 zuwa 100, a yayyafa a kan busasshen bambaro kilo 100, shimfiɗa bayan shimfiɗa, ana tattakewa a cikin rami ko ɗaki. A rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, a bari mako 3. Idan an buɗe a ɗebi na yini guda a baza ya sha iska, warin ya fita, sannan a bayar. Wannan yakan kusan ninka furotin, ya kuma sa bambaron ya yi laushi.

Duk da haka, a wurina wannan hanya ta biyu ce, harawa ce ta farko. Yuriya ta yi tsada, kuma guba ce idan aka yi kuskure. Kada a barbaɗa ta kai tsaye a abinci, kada dabba ta sha ruwanta, kada a ba maraƙin da bai kai wata 6 ba, kada kuma a ba doki ko jaki. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako 2. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi malamin gona ya tsaya a kai.

Abubuwan Kiyayewa

1. Gyauron dawa, musamman wanda ya tsiro bayan girbi ko ya sha fari, yana da guba mai kashe dabba nan take.
2. Harawa ko dusa mai fumfuna a zubar da ita, kada a yi ƙyashi.
3. Tunkuzar auduga ba ta dace da ɗan maraƙin da yake shan nono ba.
4. Dusar shinkafa da aka niƙa haɗe da buntu amfaninta kaɗan ne.
5. Maraƙin da tsutsar ciki, ko ciwon hanta na fadama, ko sammore suka kama ba zai yi girma ba komai abinci. A nemi malamin dabbobi a ƙarshen damina.
6. A kusa da gari a kula da leda. Dabbar da take jin yunwa takan haɗiye ta, ta toshe mata tumbi.
7. A ware wa maruƙa kwaminsu. Idan an haɗa su da manya, sai abin da manya suka bari.

Kira Ga Malamin Gona

Ya kai malamin gona, manomi ba ya ƙin gaskiyar da ya gani da idonsa. Ka nemi mai maruƙa biyu sa'o'in juna, ɗaya a ba shi haɗin da aka bayyana, ɗaya a bar shi yadda aka saba. Ba sai da sikeli ba. Awon tela ya isa: a zagaya ƙirji ta bayan ƙafafun gaba sau ɗaya a wata, a rubuta. Maraƙin da ƙirjinsa ya kai santimita 120 zuwa 125 yana wajen kilo 150. Idan awo ya ragu, abinci bai isa ba. Idan Afrilu ta yi a kira maƙwabta su gani. Kada kuma ka manta da matan gida, domin a gidaje da yawa su ne suke ba dabbobi dusa da ruwa, su ne kuma suke fara lura idan maraƙi ya rage ci.

Ka kuma shiga tsakanin manomin da ba shi da dabba da makiyayin da ba shi da gona. Tsohuwar al'adar da makiyayi yake cin kara ya bar taki tana da amfani har yau, muddin an yi ta da izini da sharaɗi bayyananne, bayan an gama kwashe amfani.

Kammalawa

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991 Jalingo ta zama babban birni, gidaje suna ta cin filayen da a da ake kiwo a cikinsu. A 2017 Gwamna Darius Ishaku ya sa hannu a dokar hana kiwon sake, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗannan matakai, abu guda a fili yake: daji yana raguwa, kuma mai dabba zai ƙara dogara ga abin da ya tara da hannunsa.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan kakar bana ta zo, kafin ka ɗaure dami na farko don kasuwa, ka ƙirga maruƙanka da karsanarka, ka ware wa kowanne harawa kilo 225 da kara kilo 300 ko fiye, ka ajiye a inuwa. Abin da ya ragu ka ba sa na turke ko ka sayar. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa albarka a dukiyarmu, amin.